Rami Na Goma Sha Bakwai

Lahadi, 4 ga wata

Autata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, karatu yana tafiya daidai, ciwon bayan nan kuma ya sake ki. Yaya gajiyar asibiti? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kin ce in na kira ki a waya ba abin da nake iya faɗa sai "lafiya" da "to madalla", kamar wanda ɗan sanda ya tsare a hanya. To ga shi na ɗauki biro. In takardar ta yi miki tsawo, ke kika jawo.

Jiya na leƙa gidanku wajen su Mama. 'Yarmu Gajera tana nan yadda kika bar ta, sai surutu da ya ƙaru. Haƙorinta na gaba ya fara girgiza, ta ce ba mai taɓa shi sai Baba, wai ni hannuna na jan waya ne. Na same su a tsakar gida tana taje masa gemu da cokali mai yatsu, yana cewa in ta tsige masa gashi ko ɗaya zai sake ta ya auro wata. Mama ta ce in gaya miki ki daina aiko saƙon a sa wa yarinya rigar sanyi, ta raini shida kafin ke ki san ana haihuwa.

A wajen aiki kuwa hankali ya tashi. Sabuwar manajar nan da na ba ki labari ta kawo masu binciken tsaro daga waje, su biyu. Ɗayansu ya nemi a ba shi ɗakin taro ya zauna. Akwai ramin waya a bango ƙarƙashin tebur, sai ya jona kwamfutarsa ba wanda ya sani. Kafin shayinsa ya huce ya bugo jerin duk magungunan da ke sito da sunayen asibitocin da muke kai wa, ya ajiye a gaban Manaja. Ya ce da shi ɓarawo ne, da tuni ya sauya abin da ya ga dama ya kama gabansa.

Ta sa aka kira Baba, tunda shi ne shugaban sashenmu, na bi shi a baya kamar kullum. Ta miƙa masa takardar. Auta, a juye ya riƙe ta. Yana gyaɗa kai yana cewa "lallai, lallai," takarda kuwa kanta a ƙasa. Na yi maza na karɓa kamar ina son duba wani abu. Ba na jin ta lura.

Ke da Mama da ni kaɗai muka san inda ciwon sugan nan ya kai idonsa. Shekara uku ke nan duk takardar da ta shigo ofis ni ke karanta masa, ƙofa a rufe, sannan in ɗora yatsansa inda zai sa hannu. Sauran aikin kuma a kwamfutar nan da kika saya masa yake yi, mai ƙara girman rubutu tana karanta masa a kunne. Da safe ya zare wayar daga ta ofis ya jona tasa, da yamma ya mayar. Ta ofis don idon mutane kawai take kan tebur.

Na gaya wa Manaja abin yana da magani. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Kin tuna ƙaramin ɗakin nan mai sanyi a hawa na biyu, wanda kika ce ya yi kama da ɗakin ajiye gawa? A ciki akwai wani akwatin ƙarfe, suwic muke ce masa, mai ramuka arba'in da takwas. Kowane rami waya ce ta fito daga cikinsa, ta bi silin, ta ɓullo a bangon wani ofis. A yanzu duk wanda ya jona, suwic ba ya tambayarsa daga ina yake. Amma kowace kwamfuta tana da lambar da aka ƙera ta da ita, babu biyu masu iri ɗaya. Ana iya gaya wa suwic cewa wannan rami na wannan lamba ne, in wata ta zo kada ya karɓa. Manaja ta ce in rubuto tsarin, Baba ya sa hannu, a fara kafin ƙarshen wata.

Af, ranar Alhamis a wajen bakanike na haɗu da mutumin da ya yi mini intabiyu a babban kamfanin sadarwar nan shekara shida da suka wuce, aikin da ban samu ba. Ya yi furfura sosai. Mun daɗe muna hira kafin a gama motarsa.

Ki riƙa cin abinci, ki rage tsayuwa. Ki gai da abokiyar ɗakinki.

Naki har kullum,
Dogo


Asabar, 24 ga wata

Autata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu. Hoton da kika saka a ciki da fararen kayan aiki na jingine shi a jikin madubi, kin rame amma kin yi kyau. Haƙorin Gajera ya fita, tana yawo da shi a kwalin ashana tana nuna wa maƙwabta.

An fara tsarin ranar Litinin. Ramuka arba'in da ɗaya da ke aiki kowanne ya haddace kwamfutarsa, sauran bakwai na kashe su, har da na ɗakin taro. Matsala ɗaya aka samu, kuma gara ki ji daga bakina kafin Mama ta juya miki labarin.

Ramin ofishin Baba shi ne na goma sha bakwai. Litinin da safe ya zare ta ofis ya jona tasa kamar yadda ya saba, nan take ramin ya mutu. Haka abin yake aiki: baƙuwar lamba na shigowa, fitilar ramin ta bar kore ta koma ja, ba shiga ba fita, ko an mayar da kwamfutar gaskiya, sai na buɗe da hannuna. Ina ɗakin sanyi sai ga shi yana bin bango. "Dogo, layina ya ɗauke." Na ce bari in duba, na buɗe masa. Ya koma ya jona tasa, ya sake mutuwa. Sau uku a ranar.

Ran Talata ya kira ni ya ce in rufe ƙofa. "Wai me ka sa wa injin nan?" Na yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, "To ai da sauƙi, sa lambar tawa a ciki." Na ce, Baba, takardar da kuka sa wa hannu ta ce kwamfutar kamfani kaɗai za a yi wa rajista, kuma duk sanda rami ya mutu saƙo yana tafiya wayar Manaja. Sai ya ce shi bai tuna da wannan a cikin abin da na karanta masa ba. Na ce ƙila hankalinku ya tafi wani wuri, ranar suganku ya hau.

Ba zai iya gyarawa da kansa ba. Kalmar sirrin suwic ni da Manaja ne muke da ita. Shi ya ce a ba ni tun lokacin da aka kawo sababbi, wai kansa ya gaji da hadda.

Ya ce to a sa masa manhajar karatun a ta ofis. Wannan ma sai Manaja ta sa hannu, da dalili a rubuce. Na ce ku je ku gaya mata gaskiya kawai. Kin san Baba. Ya ce shekararsa ashirin da shida a ginin nan, shi ya ja waya ta farko a ciki, saura shekara ɗaya da rabi ya huta da mutuncinsa, ba zai je gaban sa'ar 'yarsa ya ce shi makaho ne ba.

Tun ranar sai ya kunna ta ofis ya zauna a gabanta, hancinsa kamar zai taɓa gilashin. Ran Laraba ya aika wa mai sito saƙo, rabin kalmomin a karkace. Mai sito ya nuna mini a wayarsa yana dariya, wai ko Baba ya shiga makarantar koyon wani yare. In haƙuri ya ƙare masa sai ya sake gwada tasa, ko Allah zai sa a dace. Inji kuwa bai san suruki ba. Zuwa jiya an yi sau tara.

Takardu ma sun taru a teburinsa. Aiki ya yi mini yawa makon nan, ban samu zama na karanta masa ba.

Kada ki kira shi da maganar, zai ji kunya. Kada kuma ki roƙe ni, don na san halinki. Doka ce, kuma sa hannun da ke ƙasanta nasa ne.

Na sayi labulen nan ruwan toka da kike so, na rataya a falo. Ya ɗan gaza tagar, amma in kin dawo kya san yadda za ki yi da shi.

Mijinki mai kewarki,
Dogo


Lahadi, 9 ga wata

Auta,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani, tunda kwana takwas ke nan ina kira kina kashewa. Kira ɗaya da kika ɗauka ba ki bar ni na yi magana ba. Kin tambaye ni sau uku, "Kana sane ka yi?" sannan kika ajiye. Ga amsarki a rubuce, ba mai katse ni.

Bari in fara da abin da ya faru ran Alhamis waccan, don Mama ba ta wurin, Baba kuma na san bai faɗa muku ba.

Manaja ta tara shugabannin sassa a ɗakin taro, mu tara, ta ce in haska rahoton suwic a bango. Layi goma sha huɗu suka fito, duk rami na goma sha bakwai, duk lamba ɗaya. Ta ce, "Ramin ofishinka ne, kai kuma ka sa hannu a dokar. Kwamfutar wa ake jonawa?" Baba ya gyara zama ya ce zai bincika, ƙila masu shara ne. Ta kusa barin maganar a nan, na gan ta tana tattara takardunta.

Sai na ce, "Baba, ga lambar can a bango, ku karanta, ƙila ku gane mai ita."

Kowane harafi ya kai tafin hannu, Auta. Mai sito da ke can ƙarshen tebur yana iya karantawa ba tabarau. Baba ya juyo wajen muryata, ya daɗe. Sannan ya tashi ya nufi bangon, gwiwarsa ta bugi kujera, wani ya kama ta. Ya tsaya dab da hasken, rubutun ya hau bayan rigarsa, inuwarsa ta rufe abin da yake son gani. Ya matsa gefe. Ya ce, "Sifili. Sifili. Takwas." Ba takwas ba ne, harafin B ne. Wata ta yi dariya, ta toshe baki.

Ya juyo ya ce, "Tawa ce." Ya ƙara da cewa, "Ba na gani, ranki ya daɗe. Na daɗe ba na gani."

Ta tambayi tun yaushe, ya ce shekara uku. Ta ce to duk takardun da ya sa wa hannu a shekara ukun nan, wa ya karanta? Ina jira ya kira sunana, don da ya kira da ni ma na shiga ciki. Ya ce, "Haka nake sa hannu." Da wannan maganar ya kashe kansa. Ta sallami kowa ta riƙe shi. Bayan rabin awa ya fito, ta ba shi zaɓi: ya ajiye aiki saboda rashin lafiya, ko a kafa masa kwamiti.

Ni na buga masa takardar ajiye aikin. Wa zai sa? Yana faɗa ina bugawa. Da ya zo wajen godiya ya ce in sa cewa yana ba da shawarar a ba ni kujerarsa, don ba wanda ya san ginin kamar ni. Na sa. Na ɗora yatsansa inda zai sa hannu. Sa hannun ya kauce daga layi, sai da muka sake bugo wata.

Yanzu tambayarki. E, ina sane.

Sakin layi na huɗu, mai maganar kwamfutar kamfani da saƙon Manaja, ban karanta masa ba, tsallake shi na yi. Ranar Asabar kafin a fara na shigo ofis ba kowa, na kunna kwamfutar teburinsa don suwic ya fara ganin ta ya haddace ta, kada Litinin ya riga ni da tasa. Hukunci iri uku ake iya sa wa rami in baƙuwar lamba ta zo. Akwai wanda zai hana ta shiru ba wanda ya sani, akwai wanda zai hana ya rubuta, akwai wanda zai kashe ramin ya kai ƙara. Na uku na zaɓa. Kuma rami yana iya karɓar kwamfuta biyu, ɗaya ce zan goge in rubuta biyu, aikin ƙiftawar ido. Ramin Manaja uku yake karɓa, har da ta gidanta, ni na saita mata.

Kina so ki san dalili. Mutumin nan da na gaya miki na haɗu da shi a wajen bakanike, ya gane ni tun kafin in gaishe shi. Ya ce, "Kai ne ka zo na ɗaya a cikin mutum talatin. Mun riga mun buga takardarka, sai maigidanka ya kira ni. Ya ce shi ya koya maka aiki, kuma surukinka ne, yana gaya mini tsakani da Allah ba ka nuna ba tukuna, hannunka yana da kyau amma ba a bar maka amana kai kaɗai." Yana faɗa yana dariya, a zatonsa tsohon labari ne da na sani.

Kin tuna wancan lokacin? Kina da cikin Gajera. Wata biyu ina duba waya ko za su kira. Da na fid da rai, Baba ne ya dafa kafaɗata ya ce kowa da rabonsa, in ƙara ƙoƙari. Na yarda ni ne ban isa ba. Shekara shida ina hawa tsani ina cusa kai a silin, ɓeraye na bi ta hannuna, yana ce mini "yaro" a gaban masu gadi, yana aikena in sayo masa batir. Waɗanda aka ɗauka a madadina yanzu su ake aikowa su koya mana aiki. Na yi lissafi, a shekarar ne ya fara sauya tabarau. Ya san abin da ke tafe, ya tanade ni in zama idonsa, dama ya riga ya ba ni 'ya don kada in gudu.

Ban yi masa ƙarya a gaban kowa ba, kamar yadda ya yi mini. Ba ya gani, na sa aka ga ba ya gani. Shi kuwa abin da ya faɗa a kaina ba gaskiya ba ne.

Ran Litinin na koma ofishinsa. Kujerar ta lotsa ta gefe ɗaya, na sa a kawo wata. Ba zan ce miki na ji daɗin da na zata ba, amma ba zan ce na yi nadama ba.

Ke ba ruwanki a ciki. Tsakanina da shi ne. Ki ɗauki waya.

Mijinki,
Dogo


Laraba, 19 ga wata

Auta,

Ina fata kina lafiya. Kwana goma ba amsa. Na je ɗauko Gajera ta kwana biyu a wajena, Mama ta miƙo ta daga bakin ƙofa, ba ta amsa gaisuwata ba. Baba kuwa ya ɗaga murya daga ciki yana tambaya ko an gyara na'urar sanyin ɗakin suwic, wai tana ɗiga ruwa in an shiga zafi, in sa bokiti a ƙasa ta hagu. Na ce an gyara. Ba a gyara ba, na sa bokitin.

In kina fushi ki yi, amma ki rubuto ko layi biyu ne. Gajera tana tambaya yaushe za ki dawo.

Naki,
Dogo


Lahadi, 30 ga wata

Auta,

Gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Takardarki ta zo ran Juma'a, mai gadi ya kawo mini ofis. Na nemi layi biyu, kin aiko shida, sun kuma isa.

Kin ce ke ce. Kin ce ranar da na dawo daga intabiyu ina murna ina lissafa garin da za su tura mu, kin yi mini dariya, washegari kika je gida kika durƙusa gaban Baba kina kuka ya hana tafiyar, ga cikin fari, ba ki san kowa a can ba, ba za ki iya haihuwa nesa da Mama ba. Kin ce sau biyu yana korar ki, ya ce ba a yi wa namiji haka. A na uku kika daina cin abinci, Mama ta sa baki, ya ɗauki waya. Kin ce a lokacin idonsa garau yake, tabarau na tsufa ne kawai. Kin ce ya sa ki rantse ba za ki taɓa gaya mini ba, don aurenmu.

Na rufe ofis na zauna. Wata biyun nan da nake duba waya, ke ce kike kawo mini ruwa kina cewa in yi haƙuri, ƙila gobe. Kina kwance kusa da ni shekara shida kina jin ina cewa ban san abin da na yi ba daidai ba a intabiyun nan. Sannan da lokacin naki ƙarin karatun ya zo, wa ya ce ki tafi? Wa ya kai ki tasha, ya ɗauki jakarki a ka? Garin da kike yanzu ya fi wancan nisa.

A ƙarshen takardar kin ce in je in roƙi Baba gafara tun yana da rai. Na je jiya, amma ba wannan ya kai ni ba.

Na same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, rediyo a cinya. Ya rame, gemun ya yi buzu-buzu. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya ce a kawo mini kujera. Na ce ba zama zan yi ba, na zo ɗaukar Gajera ne da kayanta duka, za ta koma wajen Yayata, na riga na sama mata makaranta a unguwarsu. Mama ta fito daga kicin da wuƙa da albasa a hannu, ta ce, "Ka ci masa aiki, yanzu kuma abin da ya rage masa ka zo ɗauka?" Na ce 'yata ce, ba za ta tashi a gidan da mutum uku suka haɗa baki suka rufe ubanta ba.

Baba ya kashe rediyo. Ya ce, "Ta gaya maka ke nan." Na ce ta gaya mini. Ya ce, "Yarinya ce a lokacin, tsoro ne. Ni babba ne, ni na ɗauki waya, ni na yi ƙarya. Abin da ka yi mini na karɓa, ban ce ka zalunce ni ba. Ka bar shi a kaina, kada ka kai kanta." Na ce, Baba, na ji, amma ku ba ku da sauran abin da za a ɗauka.

Mama ta ƙi haɗa kayan, na shiga na haɗa da kaina. Gajera tana tsalle, a zatonta hutu za ta. Baba ya kira ta, ya shafa kanta da fuskarta, yatsansa ya sami giɓin haƙorin. Ya ce, "To amarya, kin yi yaji ke nan? Wa zai taje mini gemu?" Ta ce ran Asabar za ta dawo. Ya ce Allah ya kai mu. Gidan Yaya kuwa tafiyar awa uku ce, kin sani.

Ya ce zai raka mu. Mama ta ƙi riƙe shi, ya bi bango har bakin titi. Na sa Gajera a baya, na juya mota. A daidai lokacin wata mota ta tashi daga ƙofar maƙwabta ta yi hagu, mu muka yi dama. Na hango shi a madubi ya juya mana baya, ya ɗaga hannu sama yana yi wa motar mutane bai-bai, yana kiran sunanta. Gajera ta leƙa ta taga tana ƙyaƙyata dariya, ta ce, "Abba, ka ga Baba yana wasa, ya juya!" Ta ce in danna hon ya san inda muke. Ban danna ba. Har muka sha kwana hannunsa yana sama.

Gajera ta kwana lafiya, Yaya ta ce ta ci abinci sosai. Saura miki wata huɗu, ki tsaya ki gama karatunki, ba zan kira kowa in ce ba ki isa ba. In kin gama, makullin gida yana wajen mai shagon ƙasa. Ban sake ki ba, kuma ba ni da niyya. Za ki dawo mu zauna, ki riƙa kallona kamar yadda zan riƙa kallon ki.

Ki kula da bayanki, ki rage tsayuwa.

Mijinki,
Dogo